Ko ya zama dole in buɗe injin Mustang mai sufacaja kafin in ci gaba da hawanta kullum?

Baban Hanifa, Abuja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san cikin inji, domin duk bakaniken da na tambaya sai ya ba ni amsar da ta saɓa wa ta wanda ya gabace shi. Wata biyar ke nan da na karɓi Ford Mustang GT ƙirar 2016 da aka shigo mini da ita daga Amurka, mai injin nan na lita 5.0 da ake kira Coyote, da giyar hannu guda shida. Mai ita na farko ya ɗora mata sufacaja ta kamfanin Roush, wato na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska, wadda ta ɗaga ƙarfinta daga doki 435 da ta fito da shi daga kamfani zuwa wajen 670 a rubuce, amma takardun da suka zo da motar sun nuna cewa bai taɓa komai a cikin injin ba. Fistan, ringi, kwanrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf) da metal duk na asali ne.

Ba tsere nake yi da ita ba. Ita ce nake hawa daga Gwarinpa zuwa wurin aiki kowace safiya, in shiga cunkoso da ita da yamma, sannan sau biyu a wata in kama hanyar Kaduna wajen iyaye. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, da rana tsaka, idan na daɗe a cunkoso sannan hanya ta buɗe na taka totur alhali ina giya ta biyar ko ta shida, sai in ji wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta yi daƙiƙa ɗaya ta ɓace, motar kuma ta yi sanyin jiki na ɗan lokaci. Da asuba ban taɓa jin wannan ƙarar ba.

Wani ya ce mini in gaggauta yin odar fistan da kwanrod na ƙira, irin waɗanda ake sa wa motocin tsere, kafin injin ya buga. Wani kuma ya ce kada in kuskura in bari a kwance injin da ba ya shan baƙin mai kuma ba ya hayaƙi. Ina da abin da zan iya kashewa, amma ba na son in kashe shi sau biyu. Shin ƙarfafa kayan cikin injin ya zama dole ga mota irin wannan? Idan ya zama dole, da me ake farawa, kuma wane irin fistan ne zai jure wa hawan yau da kullum?

Injiniya Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Kafin mu zo maganar oda, ina so ka ɗauki wannan ƙarar da muhimmanci fiye da duk abin da aka gaya maka, domin ita ce ainihin matsalar, kuma babu fistan da za ka saya a duniya da zai kawar da ita. Abin da kake ji shi ne fashewar mai ba bisa tsari ba a cikin silinda. A ƙa'ida, fulogi ke kunna wuta, wutar ta bi cakuɗen iska da fetur ta cinye shi a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta riga ta iske ba sai ya tashi da kansa a lokaci guda, ya doki kan fistan da bangon silinda kamar guduma. Sanyin jikin da motar take yi bayan haka ƙwaƙwalwarta ce, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ji dukan ta na'urorin da ke jikin bulok, ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin kunna fulogi, domin ta ceci injin. Wato motar tana kare kanta, amma tana yin haka ne bayan an riga an doke ta.

Dalilin da ya sa hakan ke faruwa a hannunka, alhali wataƙila bai taɓa faruwa a hannun mai ita na farko ba, a fili yake. Injin Coyote na 2015 zuwa 2017 yana da matsi na 11.0:1, wato fistan yana matse cakuɗen ninki goma sha ɗaya, wanda ya yi yawa ga injin da ake ɗura wa iska. Irin wannan sufacajar tana tura lita 2.3 na iska a kowane juyi, kuma idan tana ƙara matsin da ya kai psi 10 (psi ma'aunin matsin iska ne) a kan psi 14.7 na iskar sarari, to injin yana haɗiyar kusan ninki ɗaya da kashi biyu bisa uku na abin da aka saba ba shi. An tsara ƙwaƙwalwar ne a kan fetur mai daraja na Amurka, wanda ake rubuta wa 91 ko 93 a jikin famfo. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ma'aunin da Amurka take rubutawa ba shi ne RON ba, wato ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan fashewar da yawancin duniya take amfani da shi: 93 na can ya yi daidai da wajen RON 98, kuma 87 na can, wanda shi ne na ƙasa, shi ne ya yi kusa da RON 91. Mu kuwa a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne tak, babu zaɓin daraja, kuma ba ka da hanyar sanin abin da tankar jiya ta sauke. Ka haɗa wannan da zafin rana a Abuja da kuma ruwan intakula, wato na'urar sanyaya iskar da sufacaja ta turo, wanda ya riga ya ɗumama a cunkoso inda iska ba ta ratsa gaban mota, za ka ga cewa ƙarar ba ta da wani abin mamaki.

Game da ƙarfin kayan da ke ciki kuwa, injinka bai kai rauni yadda ake ba ka tsoro ba. Karanshaf ɗinsa na ƙarfe ƙirarre ne tun daga kamfani, kuma kwanrod ɗin wannan zubin irin waɗanda aka sa wa Mustang Boss 302 ne. Inda rauni yake shi ne fistan, domin na zubi ne mai yawan silikon, wanda yake da kyau ƙwarai wajen shiru da daɗewa amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Wurin da yake fara tsagewa shi ne ɗan siririn gefen da ke tsakanin ramin ringi na farko da na biyu. Abu biyu ke karya shi: dukan da na bayyana a sama, da kuma ringin da ya faɗaɗa da zafi har bakunansa biyu suka haɗu, ya rasa inda zai je, ya ɓalle gefen fistan. Kamfani yana barin ƙaramar tazara a bakin ringi saboda injin da ba a ɗura wa iska ba ba ya buƙatar babba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka kwance komai a wannan makon. Ka fara da gwajin matsi na silinda takwas ɗin, sannan gwajin yoyo wanda ake hura iska a silinda a ga kashi nawa ke zurarewa da kuma ta inda take fita, a kuma zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi a duba kan kowane fistan. Idan sun fito daidai da juna, to ba a riga an yi ɓarna ba. Daga nan sai ka nemi mai tsara ƙwaƙwalwa wanda ya san wannan injin, ko da daga nesa ne ta intanet, ka ɗauko masa bayanan tafiya da rana tsaka a kan man da kake sha, ya rage taimin, ya ƙara mai kaɗan a inda ake takawa sosai. Wannan injin yana da na'urar auna cakuɗen iska da mai ta zamani tun daga kamfani, don haka bayanan suna nan, ɗaukowa kawai za a yi. Idan hakan bai wadatar ba, a sa wa sufacajar fuli mafi girma, wato faifan da bel ke juya ta da shi, domin ta rage gudu, matsin ya sauka da psi biyu ko uku. Za ka yi asarar wasu dawakai, amma a kan titin Abuja ba na jin za ka san sun tafi.

Kafin a yi wannan duka, ka daina taka totur har ƙasa a giya ta biyar da ta shida alhali injin yana juyi 1,500 ko 2,000. Wannan nau'in sufacajar ba ta jiran injin ya ɗauki gudu kamar tobo, tana ba da cikakken matsi tun daga ƙasa, kuma a nan ne fistan ke daɗewa yana shan matsin a kowane bugu. Ka sauko giya biyu kafin ka wuce tirela.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Alhaji, abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ina so in ƙara abin da ba a koyo sai da hannu. Shekara talatin da ɗoriya ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma injinan da na ga sun mutu saboda kayan kamfani ba su da ƙarfi ba su kai rabin waɗanda suka mutu saboda an buɗe su an mayar ba daidai ba. Kamfani yana haɗa inji a ɗaki mai tsabta, da ma'aunin da ke karanta abin da ido ba ya gani. Mu kuwa da yawanmu a ƙarƙashin rumfa muke aiki, kuma idan lokacin hunturu ne ƙura tana sauka a kan metal kafin ka juya ka ɗauko sifana.

Na taɓa ganin wannan a motar wani ƙanena, wadda ita ma aka ɗora wa sufacaja. Ya yi odar fistan masu tsada, ya kai wa wani mai gareji da ba zan ambata ba, mutumin ya ciro ringi daga kwali ya sa su yadda suka zo. Bai san cewa irin waɗannan ringin da gangan ake kawo su da tsawo ba, domin a sa kowanne a cikin silindarsa, a auna tazarar bakinsa da filla-gej, wato siraran ƙarafan auna tazara, a goge shi kaɗan-kaɗan har ya kai abin da takardar ta ce. Motar ba ta yi wata biyu ba ringi ya cije, ya kankare bangon silinda. Da injin asali ya bari, da har yau yana hawa.

Don haka idan gwajin da Injiniya ya ce a yi ya nuna sai an buɗe, tambayar farko ba sunan fistan ba ce, tambayar ita ce wa zai yi aikin. Ka je da kanka ka ce ya nuna maka maikuromita da ma'aunin cikin silinda, ka ce ya gaya maka tazarar da zai bari tsakanin metal da karanshaf. Ƙa'idar da muka taso a kai ita ce wajen inci 0.001 ga kowane inci ɗaya na kaurin wurin da metal ke zama. Wanda ya ce maka da hannu yake ji, ka yi masa godiya ka ɗauki motarka. Ka kuma tambaya ko yana da farantin da ake ɗaurewa a kan bulok lokacin goge silinda, domin bulok na alminiyam yana ɗan murɗewa idan an ɗaure top silinda, kuma ramin da aka goge ba tare da farantin ba zai daina zama da'ira da zarar an ɗaure kusoshi. Hannun rigar ƙarfen da ke cikin silindar wannan injin siriri ne, ba ya ɗaukar a yi ta ƙara masa faɗi, saboda haka kuskure ɗaya ya isa ya sa ka nemi wani bulok. Sababbin fistan da kwanrod kuma nauyinsu ba ɗaya yake da na asali ba, dole a kai su tare da karanshaf a daidaita nauyi. Kusoshin top silinda na kamfani irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su, ba a mayar da tsofaffi.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne, ni ba na son a dogara ga ƙwaƙwalwa kaɗai alhali man yau daban, na gobe daban. Ka zaɓi gidan mai ɗaya mai yawan ciniki ka tsaya a kansa, ka sauya matatar iska kafin lokacinta idan ƙura ta taso, ka kuma duba cewa ɗan famfon da ke zagaya ruwan intakula yana aiki, domin yakan mutu shiru ba tare da wata fitila ta kama ba.

Baban Hanifa, Abuja

Na gode ƙwarai, Injiniya, na gode Baba. Jiya aka yi gwajin matsi da na yoyo, silinda takwas ɗin sun fito kusa da juna, kyamara kuma ba ta nuna tsagewa ba, sai dai fulogin silinda biyu na baya sun fi sauran haske. Mun kuma tarar da ruwan intakula ya yi ƙasa sosai, an cika shi an fitar da iskar da ta shiga. Zan bi maganar sake tsara ƙwaƙwalwa da sauya fuli. Amma ina so in san abu biyu tun yanzu: ko akwai abin da ya kamata a ƙarfafa ba tare da an sauke injin gaba ɗaya ba, sannan idan wata rana ya zama dole a buɗe, tsakanin fistan da ake rubuta wa 2618 da wanda ake rubuta wa 4032 wanne zan ɗauka? Mai sayarwa ya ce mini 2618 ya fi ƙarfi.

Ɗan Katsina a Houston

Ranka ya daɗe, ina hawa irin motarka a nan, kuma tambayarka ta farko tana da amsa. Abin da masu wannan injin suka fi sauyawa ba tare da taɓa fistan ba shi ne haƙoran famfon baƙin mai, tare da haƙorin da ke jan sarƙar taimin a bakin karanshaf. Famfon a kan karanshaf ɗin yake zaune kai tsaye, haƙoransa kuma da garin ƙarfe aka matsa aka gasa su, don haka suna jure wa juyi na yau da kullum amma ba sa son girgiza mai zuwa farat ɗaya. Bel ɗin sufacaja yana ƙara wa bakin karanshaf nauyi, kuma idan tayoyin baya suka yi tsalle-tsalle lokacin tashi da ƙarfi, ko injin ya yi ta dukan iyakar juyinsa, girgizar a kan waɗannan haƙoran take sauka. Idan suka fashe, baƙin mai ya tsaya nan take, kuma kafin ka gangara gefen hanya metal ya tafi. Ana sayar da waɗanda aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe, kuma ta gaban injin ake shiga a sa su. Aikin yana buƙatar wanda ya iya mayar da taimin na kamshaf huɗu, don haka gargaɗin Baba yana nan daram. Ga wanda ba ya tashi da hayaƙin taya, ba gaggawa ba ce, amma duk ranar da wani dalili ya sa aka buɗe murfin gaba, kada a rufe ba tare da an sauya su ba.

Fulogin nan biyu da suka yi haske su ma kada ka wuce su. A cire nozil takwas ɗin a gwada su a kan benci a ga ko suna fesa mai daidai da juna, domin nozil ɗaya da datti ya ɗan toshe ya isa ya sa silindarsa ta yi ta aiki da ƙarancin mai, ta fi sauran zafi, alhali na'urar da ke salansa tana karanta matsakaicin silinda huɗu ne, ba za ta tona asirin ɗaya ba. A sa fulogi masu sanyi da mataki ɗaya, wato waɗanda suka fi saurin zubar da zafi, a rage tazararsu zuwa wajen inci 0.030. Ka kuma sa ɗan gwangwanin da ke tare tururin baƙin mai kafin ya koma hanyar iska, saboda wannan tururin yana rage wa fetur juriya, kai kuwa ba ka da rarar da za ka bayar.

Wasu za su ce maka ka sa na'urar fesa ruwa da metanol a hanyar iska domin hana fashewar. Tana aiki, amma idan aka tsara ƙwaƙwalwa bisa dogaro da ita, ranar da tankinta ya ƙare a tsakanin Abuja da Kaduna injin ba shi da kariya. Mu nan muna da E85, wato fetur mai yawan etanol wanda ya fi jure wa matsi, a wasu gidajen mai, shi ya sa lambobin dawakin da kake gani a bidiyo ba za su zama ma'auninka ba.

Injiniya Sabon Gari

Alhamdu lillahi da gwajin ya fito lafiya. Game da fistan, mai sayarwar bai yi ƙarya ba, amma bai gama maganar ba. Lambobin biyu sunayen gaurayen alminiyam ne. Na 4032 yana da silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, shi kuwa 2618 silikon ɗinsa bai kai kashi ɗaya ba. Rashin silikon ne ya sa 2618 yake lanƙwasa maimakon ya tsage idan ya sha duka, abin da ya sa masu tsere suke son sa ke nan. Amma wannan rashin ne kuma yake sa ya fi faɗaɗa da zafi, don haka dole a bar masa tazara babba tsakaninsa da bangon silinda, sau da yawa inci 0.0035 zuwa 0.005, inda 4032 yake zama a wajen 0.002 zuwa 0.003. Ma'anar wannan ga mai tayar da mota kowace safiya ita ce, fistan zai riƙa kaɗawa yana ƙara har sai inji ya ɗumama, ramukan ringinsa za su fi saurin cinyewa, baƙin mai zai fi raguwa. Mai tsere yana kwance injinsa a kai a kai, wannan bai dame shi ba. Kai kuwa kana son ka rufe ka manta shekaru. A ƙarfin da kake kai, kuma ga motar zuwa ofis, ni 4032 zan ɗauka, sai fa idan kana da niyyar ƙara matsi sosai nan gaba.

Abin da ya fi nau'in alminiyam muhimmanci a wurinka shi ne damar da buɗewar za ta ba ka ta rage matsin injin. Ford da kansu, a injin Aluminator da suke sayarwa domin a ɗora masa sufacaja, sun sa fistan ƙirarru na Mahle da kwanrod na Manley, suka sauke matsin zuwa 9.5:1. Haka ma Shelby GT500 ta 2020, mai lita 5.2 da doki 760, a kan 9.5:1 take. Idan masu fetur mai daraja sun ga dacewar saukowa nan, wanda yake shan mai iri ɗaya a ƙasa mai zafi ya fi su buƙata. Za ta ɗan ƙara shan mai a cikin gari, amma za a samu sararin mayar mata da taimin da aka janye.

Tazarar ringi kuwa, faɗin silindarka milimita 92.2 ne, wato inci 3.63. Masu ƙera ringi sukan ba da wajen inci 0.005 zuwa 0.0055 ga kowane inci na faɗi a motar titi mai sufacaja, wanda ya kama 0.018 zuwa 0.020 a ringi na sama, na biyun kuma daidai da haka ko ya ɗara kaɗan. Takardar da ta zo cikin kwalin ita ce hukunci, ba wannan lissafin nawa ba. Kwanrod na ƙarfe 4340 da kusoshin kamfanin ARP za ka sa tunda an riga an buɗe, amma kada ka bari mai tsara ƙwaƙwalwa ya ɗaga maka iyakar juyi saboda su, domin nauyin da ke fizgar kwanrod da kusoshinsa yana ƙaruwa ne da ninkin juyi a kan kansa: daga 7,000 zuwa 7,700 ƙarin kashi 10 ne a juyi, amma kashi 21 ne a fizga.

Idan ka ɗauko bayanan tafiyar, ka tabbata da rana ne bayan ka fito daga cunkoso, a giya ta uku, kuma su ƙunshi zafin iskar da ta ratsa intakula, da yawan taimin da ƙwaƙwalwa take janyewa, da matsin famfon mai. Ka turo su nan mu duba tare kafin ka biya kuɗin fuli.